Ƙarfen da Ke Kiran Mu

Ba da siminti aka fara ba.
Mushe Nomau ya iso Tawa da akwati ɗaya da alli,
samari goma sha bakwai, kowa da jan dutsen Adar a ka,
suka jera, suka jera, har gini ya wuce ƙirji.

Ƙararrawa kuwa, wilin wata mota ne
da ta mutu a hanyar Ƙonni.
Har yau shi ake bugawa.

Wanda ya makara ba ya shan bulala,
guga biyu zai kai wa bedi.
Dubi inuwar nan yanzu:
makararru ne suka yi ta.
Kasona a ciki ba kaɗan ba ne.

Akwai ƙusa a ƙofar ofis.
Bik ɗin da ka tsinta, ko hular wani,
can za ka rataye, ka wuce, ba mai ce maka madalla.

Jiya na rako jikana Jadi.
Na nuna masa teburin da na sassaƙa sunana,
ya ce, "Kaka, harafi ɗaya ya goge."

Aka buga ƙarfe.
Ya ruga.
Ni ma, da sandata,
sai da ƙafata ta motsa.