Wata Na Goma Sha Uku

A Bahir Dar ruwa bai ɗauke ba tun la'asar.
Woyinshet na ɗakin bayanai na asibitin haihuwa,
gahawarta ta huce a gefen madannai.
Shekara ta juya shekaranjiya,
shugaba na jiran lissafi.

Ta tambayi rumbun da yaren da yake ji:
ba ni duk wanda aka haifa
daga watan farko zuwa na goma sha biyu.
Ya ce ɗari huɗu da sha biyu.

Littafin ungozoma, mai bangon da ya sha maiƙon hannu,
ya ce ɗari huɗu da sha tara.

Jarirai bakwai sun ɓace tsakanin takarda da allo,
ba kuka, ba makoki.

Rumbu ba ya ƙarya.
Da mudun da ka miƙa yake auna maka.
Wanda ya tsara tambayar, can ƙetaren teku,
bai taɓa jin labarin Fagume ba,
ɗan autan watannin Habasha,
mai kwana biyar,
shida in shekara ta yi gyara.

Ta goge layin, ta sake:
daina ƙirga watanni.
Kama daga ɗaya ga Meskerem,
ka tsaya a bakin ƙofar Meskerem mai bi masa,
kada ka shiga.

Shida suka fito, jere kamar an kira su cin tuwo.

Saura ɗaya.

Ta bi littafin da yatsa har shafin ƙarshe.
Namiji, kilo uku ba kaɗan,
ƙarfe shida na dare.
A nan daga faɗuwar rana ake fara ƙirga dare,
shidansu tsakar dare ce cif,
inda bara da bana ke musabaha.

Ta kira Sista Abaynesh, wayar na ƙaiƙayi da ruwan sama.
Tsohuwar ta yi dariya har da tari:
"Wannan? Kansa ya fito a bara,
ƙafafunsa a bana.
Ni hannuna biyu a cike, wa ya duba agogo?"

"To, a ina zan ajiye shi?"

"Inda ya fara kuka."

"Yaushe ya yi kukan?"

Shiru.
Ɗan sandan rubutu na ƙiftawa a allo.
A waje yara sun wuce da furanni rawaya, a jiƙe,
Woyinshet ta ɗora gahawa ta biyu.