Rumbun da Ke Shiga Aljihu

Ƙarfe ɗaya na dare a Muciya.
Mai shayi ya kife tukunya,
janaretan Ilu kaɗai ya ƙi barci,
yana gurnani a bayan shago.
Na jona igiya. Ɗan baƙin akwati ya farka,
ya ƙifta mini shuɗin ido guda.

Bai cika tafin hannuna ba,
amma gumin shekara biyu nake so ya haɗiye.

Ga su nan warwatse a fuskar kwamfuta
kamar gero a tsakar gidan da kaji suka fi mutane:
"Sabo." "Sabo biyu." "Sabo na gaske."
"Na gaske wallahi." "Kar a taɓa."
Ni na raɗa musu sunayen nan
a tsaitsaye, ba rago, ba goro,
yau na kira, ba wanda ya waiwayo.

Daminar bara waccan ce ta karantar da ni.
Tsawa ta faɗi wajen Kwangila,
wuta ta dawo a fusace,
tsohuwar kwamfutata ta yi ƙauri, ta yi shiru.
Mai gyara a Sabon Gari ya juya ta, ya shinshina,
ya ce, "Malam, sai haƙuri,"
da muryar zaman makoki.
Waƙoƙin Kande goma sha ɗaya suna ciki.
Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.
Mayafi kawai ta gyara, ta ce,
"Muryar ranar nan fa ba ta dawowa."

A ranar na rantse zan yi ajiya.
Rantsuwar ta yi ta kwana har ta yi furfura.

Yanzu ga ni ina ginin ɗaki-ɗaki.
Shekara a gaba, sai wata, sai sunan mai murya.
Ɗanyen ɗauka a nan, ba gishiri ba yaji,
tatacce a can.
Kalangu da zaurensa, sarewa da nata.
'Yan amshi na bar su wuri guda,
ba su iya kwanan kaɗaici ba.

Ƙarƙashin "Kar a taɓa" na tarar da Baba Barau.
Daga Ƙofar Kuyambana ya tako da gurminsa,
ya ƙi babur, ya ƙi abin sawa a kunne,
wai kunnensa bai saba da hula ba.
Minti arba'in da biyu.
A na tara ya yi tari,
ya ce, "Yaro, goge wannan."
Na ce to. Ban goge ba.
Da azumin bana aka kai shi makwanci.
Gurmin na rataye, tsirkiya ta tsinke,
tarin kuwa ga shi nan da ransa.

Koren layi na rarrafe.
Sittin da ɗaya cikin ɗari.
Ilu ya leƙo: mai ya kusa ƙarewa.
Na miƙa masa kuɗin kokona na safe.
Tamanin. Casa'in da tara.
A nan ya tsaya yana shawara,
kamar baƙon da ya sa takalmi
sannan ya tuna da wani labari.

Ya cika.
Ban fizge igiya ba, sai da na nemi sallama,
akwatin ya ce in tafi lafiya.

Amma rumbu ɗaya abokin gobara ne.
Na ɗauko na biyu, na sake daga farko,
har ladanin unguwa ya gyara murya.

Da hantsi na hau mota zuwa Samaru.
Yaya Dije ta buɗe adakarta,
ta ɗaga zannuwa, ta ɗaga takardar fili,
ta ce, "Mene ne a ciki?"
Na ce, "Mutane."
Ta auna shi a hannu, ta dube ni,
ta ce, "To ai ba su da nauyi."
Duk da haka sai da ta yi bisimilla
kafin ta kwantar da su.