Aiki da Godiya

In an ce mini, "Arzika, ina aiki?"
bakina kan riga ni amsawa
tun ban leƙa ba cikin zuciya:
"Aiki da godiya."

Bara na dasa shinkafa
a fadamar Kwalkwalawa, gab da gulbi.
Ta yi kai, ta sunkuya don nauyi,
har Kulu ta fara rabon buhu da baki:
na farko na kwanon ɗakinmu mai yoyo,
na biyu a sai wa Luba tunkiya.

Daren Laraba Rima ta tashi,
ba hadari, ba sallama.
Da asuba na hau tudu
ina laluben gonata da ido.
Hular da na kafa wa mutum-mutumi
ita kaɗai ke leƙe a saman ruwa,
tana kaɗa kai, sai ka ce dariya.

Liman ya ce jarrabawa ce. Na sani.
Na san ayar tun ina wanke allo.
Amma sanin aya daban,
awon tsaba da gwangwanin madara daban,
ga yara biyar sun yi tagumi
sun kewaye tukunya.

Da rani na ci bashin injin ban-ruwa
wurin Alhaji Modi,
na zuba albasa. Ta yi, wallahi ta yi.
Ta kowa ma ta yi.
A kasuwa dillali ya taya buhu
kuɗin da bai kai na fetur ba.
Na mai da ita rudu in jira tsada,
rabi ta ruɓe,
warinta ya bi rigata har sahun Juma'a,
na kusa da ni ya matsa baya.

Sai zazzaɓi ya kayar da Luba.
Asibiti, gado na bakwai, kusa da taga,
tafin hannunta fari kamar alli.
Likita ya ce jini, leda guda, yanzu.
Nawa bai dace ba.
Aljihuna dubu ɗaya da ɗari biyu.
A daren nan, ba zan ɓoye ba,
wani ya ce, "Yaya mai jiki?"
na buɗe baki in ce mun gode Allah,
kalmar ta ƙi,
ta tsaya kamar ƙayar tarwaɗa a wuya.

Wa ya zo? Jabbi mai jakai.
Jabbin da muka shekara uku ba gaisuwa
a kan kunya ɗaya ta iyakar gona.
Ya naɗe hannun riga, yashi har gwiwar hannu,
bai dube ni ba, ya ce da malamar,
"Ɗebi. Ɗiyata ta."
Da ya fito na rasa ta cewa.
Ya ce, "Bari, Arzika. Sai man shayi,
jiri nika ji."
Kofi ɗaya muka raba a bakin ƙofa,
kunya ta cinye kunya,
muna zaune har kiran safiya.

Bashin Modi na nan.
Yaronsa kan zo kowace Asabar da babur,
ya sha ruwa, ya duba littafi, ya tafi.
Ɗaki na yoyo inda ya saba.
Tunkiya tana kasuwa.
Ni ban san hikimar ruwan nan ba,
na daina neman a fassara mini.
Abin da na sani, Luba ce jiya
ta tsere wa ƙannenta zuwa rijiya.

Yau ina yafa iri a sabon fangali
Jabbi ya biyo da jakansa huɗu.
"Arzika, ina aiki?"
Na dafa ƙugu. Ban yi sauri ba.
Na bar ta ta taso daga can ƙasa
yadda ruwa kan hau tiyon inji,
ya yi tari, ya tofar da laka,
sannan ya zubo garau.
Na ce, "Jabbi, da godiya."