Riƙo da Saki

A Sabon Gari, bayan layin dogo,
nan shagon Malam Haladu mai naɗin koyil yake,
inda fankoki ke zuwa jinya,
injin markaɗe ya zo da tari, ya koma da murya.
Shekara huɗu na yi ina miƙa masa filaya.

Bisa teburinsa akwai wani baƙin zobe
da ya ciro daga cikin matacciyar lasifika.
Mayen ƙarfe, in ji yaran layi.
Ba ya cin batir, bai san lissafin mita ba,
a kawo wuta, a ɗauke wuta, duk uwarsu ɗaya.
Allura ta gifta, ya cafke.
Ƙusa ta yi kusa, ta zama tasa.
Garin ƙarfe ya tsiro masa kamar gemu,
ka share da hantsi, kafin la'asar ya dawo.
Da halinsa ya kwana, da shi ya tashi.

Wata Laraba da kasuwa ta yi sanyi
Malam ya ce, "Tanimu, miƙo ƙusa inci shida."
Ya naɗe ta da jar waya, zagaye kan zagaye,
kamar mai kaɗi tana cika mazari,
ya dafa bakin wayar a kan batir.
Sai ga ƙusar da ba ta taɓa kula kowa ba
ta ɗebi sukurori bakwai lokaci guda.
Ya ɗaga yatsa.
Suka zube a faranti, ƙwal-ƙwal.

"Ka gani? Wannan da ƙarfin aro yake aiki.
Wuta na gudu, shi maye ne,
wuta ta tsaya, ƙusa ce kawai.
Ƙara naɗi, ƙarfi ya ƙaru.
Juya batir, arewarsa ta koma kudu.
Wancan kuwa, babu mai ce masa saki ya saki,
sai dai guduma,
ko a gasa shi a maƙera har ya manta abin da ya sani."

Na ce, "To wanne ya fi, Malam?"
Ya yi dariya, sukuru a tsakanin haƙora,
ya jawo lasifika, ya buɗe mini cikinta.
Ga zobe a zaune daram,
ga koyil a tsakiya yana kai da komowa,
ya ja, ya tura, ya ja, ya tura.
"Daga tsakaninsu murya ke fitowa," ya ce.
"Cire ɗaya, ka ji shiru."

Bana shekara tara da muka kai shi makwanci.
Shagon yana hannuna, zoben yana nan
da gemunsa na ƙarfe, bai tsufa ba.
Ni ma na gane irin nawa riƙon:
maganar da Barau ya yaɓa mini a Kwangila
tun muna yaran shago, kan kuɗin wata fanka,
har yau tana manne, ta tara tsatsa.

Jiya na hango shi a bakin tasha,
furfura ta cinye masa sajen.
Na dawo shago, na naɗe ƙusa,
na ɗebi sukurori bakwai,
na daɗe ina kallonsu a rataye,
batir yana ɗumi a tafin hannuna.

Sannan na ɗaga yatsa.