Shirun da Ke Kawo Gani

A Tromsø, Disamba ba ta da rana.
Torunn ta kulle ɗakin gwaji,
ta kunna 'yar jar fitila,
ta ɗauko idon kifin da babanta ya kamo jiya.

Almakashi. Hantsaki. Ruwan gishiri mai sanyi.
Daga ƙuryar idon ta ɓare tantani
wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba,
ta shimfiɗa shi a hankali, numfashi a riƙe.

Abin da har yau ke ɗaure mata kai:
cikin duhu ƙwayoyin nan ba sa barci.
Tsiyaya suke,
gulutamet, ɗigo bayan ɗigo,
zuwa bakin maƙwabciya ta ƙasa,
surutu ba ƙaƙƙautawa.
Haske na taɓa su
sai su tsuke baki.
Ta ƙasa ta ji an daina,
ta aika gaba: gari ya waye.

Akwai wata kwance a gicciye,
aikinta dafa kafaɗar ta kusa: ke, rage murya.
Da wannan ƙwaɓar ake gane gefen abu,
bakin jirgi,
layin da ya raba teku da dutse.

Ƙarfe huɗu ta fito, ƙanƙara na ƙara ƙarƙashin takalmi.
Oddvar na bakin gaɓa yana ɗinkin koma.
Shekara arba'in bai taɓa yi mata doguwar magana ba.
Ya ɗago, ya gan ta,
ya bar gunagunin da yake wa igiya.

Ta tsaya cikin shirun, ba ta ce komai ba.