Shebur Ɗaya, Rami Biyu

Ni ne Gwilym Prosser, mai haƙar kabari a Merthyr.
Hannuna ya san ƙasar garin nan
fiye da yadda limamin coci ya san littafinsa:
inda take da laushi, inda dutse ke laɓe yana jiran diga.

Bazarar da kwalara ta sauka
kwana goma sha ɗaya ban cire takalmi ba.
Mutum ya gaishe ni da safe a ƙofar masana'antar ƙarfe,
kafin ƙararrawar dare ina auna tsawonsa da igiya.

Aka ce iska ce ta ɓaci.
Muka ƙona kwalta a tituna,
muka shafe bangaye da farar ƙasa,
muka toshe hanci da tsumma.
Hanci muke gadi,
ɓarawon kuwa ta baki yake shiga, a cikin moɗa.

Matata Tegwen kan tashi tsakar dare
ta bi layi a bakin ɗan idon ruwa, gindin tudu.
Mata arba'in, tulu arba'in,
ruwa na ɗiga kamar kyautar marowaci.
Taku goma sha biyu ne daga nan zuwa masai na lungu.
Daga baya na auna. Awo ai sana'ata ce.

Marged, shekararta shida.
Ran Talata ta ce cikinta na juyawa.
Abin da ya fita kamar ruwan wankin shinkafa.
Idanu suka faɗa, leɓe ya yi shuɗi,
fatar yatsunta ta yamutse kamar ta tsohuwa mai wankau.
Ruwa, Baba. Ruwa.
Na ba ta.
Da hannuna na ba ta, daga tulun nan.
Raminta bai ci mini rabin sa'a ba,
har yau ban yafe wa ƙasar da ta yi mini sauƙi ba.

Shekaru ana gardama a zauren gari: wa zai biya?
Kwabo ya yi musu nauyi,
gawa kuwa ba su ke ɗauka ba.

Sai wata safiya wani mai doguwar hula da taswira a hammata
ya tsaya bakin makabarta, wai ana neman mahaƙa.
Na ce, tsawon nawa?
Ya ce, daga kan tuddai har ƙofar gidanka.
Ban taɓa haƙa ramin da ba shi da kai ba shi da ƙafa ba.

Muka riƙa kwantar da bututu,
baƙaƙe, masu nauyi, mutum shida a kan kowanne,
kamar dai yadda na saba.
Na farko da muka saukar, hannuna ya kai ga hula zai cire.
Ianto ya zungure ni:
bar hularka, wannan iri ne muke binnewa.

Ranar da aka murɗa famfon layinmu
ya yi tari, ya tofar da tsatsa, ya yi shiru,
sannan ya zubo.
Yara suka kaure da ihu.
Tegwen ba ta sha ba.
Ta tara tafin hannu, ta daɗe tana kallo
har ya tsiyaye ta tsakanin yatsu.

Ba zan yi ƙarya ba, annobar ta sake leƙowa.
Ta ɗebi nata a lungunan da bututu bai kai ba,
amma ba ta sami shimfiɗa irin ta da ba.
Gudawar yara ma ta ja baya.
Rhodri kafinta na gunaguni wai ƙananan akwatuna sun yi kwantai,
yanzu bencin makaranta yake bugawa.

Na koma makabarta, cirar ciyawa ta fi haƙa yawa.
Reshen bututun ya ratsa bayan katanga,
kamu huɗu daga kan Marged.
In gari ya yi tsit nakan kasa kunne a ƙasa
in ji shi yana wucewa.
Sai in cika moɗa a famfo, in zuba wa furanninta,
in ce: ga shi, ya iso.
Shekara goma sha biyu kawai ya makara.