Ja Mai Ƙofa Biyu

Ta Kwatano ta biyo, ta kwana a Maraɗi,
ta tsallako Magama a bayan tirela.
Ja ce, amma jan da ya sha rana,
irin na barkonon da ya daɗe a shanya.
Ƙofa biyu, kujera biyu, dogon hanci,
ta girmi ɗan farina da shekara sha ɗaya.

Fegina na hanyar Batsari na sayar dominta.
Yayana Abashe ya zagaye ta sau uku,
ya leƙa bayanta, ya tafa hannu:
"Ko buhun gero ɗaya ba za ta ɗauka ba!
Ka ba da ƙasa, ka karɓo takalmin ƙarfe."

Na kai ta Ƙofar Ƙaura wurin Rabe,
bakaniken da ke gane ciwon inji da kunne.
Ya shige ƙarƙashinta da tocila a baki,
ya kankare tsatsa da gindin sifana,
ya karanto lamba, ya fito ya karanto wata.
"Alhaji, uwa ɗaya uba ɗaya," in ji shi,
"zuciyar da aka haife ta da ita
har yau ita ke bugawa a ƙirjinta."

Sai masu shawara suka yi sahu.
Mai fenti ya ce kwana uku, ta koma yarinya.
Mai kujeru ya zo da leda mai ƙyalli.
Wani yaro ya ce a zare injin nan
a dasa sabo, wanda ba ya zuƙar mai.
Na ce ku bar ta.
Kama da wane ba ta wane.

Akwai ƙarzuwa a ƙofar direba, tsawon taƙi.
Ban san wa ya yi ta ba, ko a wace ƙasa,
amma wa ke goge tsagar gado?
Fatar kujera ta dare kamar dunduniyar manomi,
ta lotsa daidai bayan wani mutum
da ban san sunansa ba.
In na zauna, sai in ji na gaji wurinsa,
shi ma bai yi ƙorafi ba.

Ran nan kafireto ya ce ya gaji.
Akwai jabu a kasuwa, kuɗin cefane,
gangariyar kuwa sai an aika bayan teku.
Wata bakwai tana kwance ƙarƙashin bedi.
Kaza ta yi ƙwai tara a bayan tayarta,
ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan har suka fara cara.
Ni kuwa ina bayan ɗan acaba,
maƙwabta na tsayar da ni:
"Alhaji, ya mai jiki?"

Wata Juma'a ina gaban madubi,
buroshi a hannu, baƙin rini a murfin kwalba,
Magajiya ta tsaya a bakin ƙofa
da farantin tsince shinkafa.
"Ka hana a taɓa furfurar mota," ta ce,
"ga ka nan kana yi wa gemunka fenti."
Ta wuce abinta.
Na daɗe riƙe da buroshin nan
har rinin ya bushe a bakinsa.

Da kayan suka iso, cikin ɗan kwali,
Rabe ya wanke hannu kafin ya buɗe.
Ta yi tari biyu irin na dattijo da asuba,
sannan ta saki murya
har kwanon rumfarsa ya amsa.

Muka ɗauki hanyar Daura bayan la'asar,
Magajiya ta danne ɗankwali da hannu biyu,
iska na tsefe farin gemuna.
Kafin Mashi wani matashi ya wuce mu
cikin sabuwa dal, irin wadda ake gani
goma goma a kowane shatale.
Ya rage gudu, ya sauke gilashi,
ya ce, "Baba, nawa?"

Na sa mata giya ta huɗu.
Ita ta ba shi amsa.